Shimfiɗar Hawa na Tara

Geum-ja na durƙushe da tsumma a hannu, karo na huɗu tun safe, sai ga matar ɗanta Hye-rin ta shigo mata da jikanta Si-u a kafaɗa. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, taku biyu, safarta ta jiƙe sharkaf.

"Mama, yau ma?"

"Ruwan shayi ne ya zube."

"Shayin da ke wari haka, gara a daina dafa shi."

Kongi da Gamja, 'yan kwikwiyon da Geum-ja ta ɗauko bayan rasuwar mai gidanta, suka leƙo daga ƙarƙashin tebur suna kaɗa wutsiya. Wata biyu cur ba su taɓa kuskuren tirensu ba, wanda take shimfiɗa wa takarda mai shan fitsari a lungun banɗaki. Har alfahari ta yi da su a ɗakin hirar tsofaffi, ta ce sun fi jikokin wasu hankali. To, ga shi bakinta ya ja mata. Kwana goma ke nan falo ya zama masai.

"Baban Si-u ya yi magana da kawunsa mai gonar tuffa," in ji Hye-rin, tana cire safar da yatsa biyu. "Asabar zai kai su. Yaro na birgima a nan, Mama, komai ya samu sai baki."

"A gona ɗaure su za a yi a waje, Maman Si-u."

"Ni dai saƙo aka ba ni."

Ta tafi aiki. Geum-ja ta zauna dirshan. Me ba ta gwada ba? Ruwan tsami, tsawa, lallashi, har asibitin dabbobi, likita ya ce lafiyarsu ƙalau.

Tana nan zaune Gamja ta fito tsakiyar falo, ta daddanna ƙasa da ƙafa, ta zagaya sau biyu, daidai yadda take yi a kan tire. Tsohuwa ta ƙura mata ido. Ta danna tafinta kan shimfiɗar soso mai kauri da ɗanta ya malale falon da ita kwana goma da suka wuce, saboda maƙwabtan da ke hawan ƙasa da su sun yi ƙorafin gudun Si-u. Ta je ta danna takardar tire. Laushi ɗaya.

"Ashe a ganinku gidan duka tire ne."

Ta naɗe shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya, bayanta na ƙara, ta jingine su a baranda. Ba a yi rabin awa ba Kongi ya shinshina daɓen katako, ya wuce banɗaki tiƙis-tiƙis. Gamja ta bi shi. Geum-ja ta tafa, Si-u ma ya tafa, ya kwasa da gudu daga kicin zuwa taga, dim-dim-dim.

Wayar bango ta yi ƙara. Mai gadi ne.

"Kaka, a yi haƙuri. Malam Pyo na hawa na takwas ne ya yi ƙorafi. Kin san shekaranjiya aka sallamo matarsa, aikin kai aka yi mata. Ya ce kowane taku a ƙwaƙwalwarta yake sauka."

"Ɗan shekara biyu ne, in ɗaure shi?"

"Wai ba kun sa shimfiɗa ba?"

Ta ajiye wayar. Sannan ta fita baranda, ta jawo shimfiɗun, ta mayar da kowace inda take.

Da la'asar Gamja ta zo gabanta, ta zagaya sau biyu, ta tsuguna. Da ta gama sai ta zauna, ta ɗaga kai tana jiran lada.

Geum-ja ta laluba aljihu, ta ɓallo busasshen dankali, ta miƙa mata.

"Karɓi, 'yar kirki. Yadda na koya miki kika yi."