Takardar Asibitin Baba

Takardun jami'a, na asali da kwafi uku-uku. Sakamakon jarrabawa a ambulan mai hatimi. Hoto huɗu. Biro biyu. Gorar ruwa. Maganin ciwon kai. Takalmin Yaya a leda, wanda ba za a sa ba sai an isa. Sai takardar asibitin Baba.

Abin da ke cikin jakar Auta ke nan, jakar kuwa tana kan cinyarta tun da bas ɗin ya tashi awa uku da suka wuce. Yaya, babbar yayarta, nas ce shekara goma sha biyu a asibitin da aka kwantar da Baba. Hutun kwana ɗaya ta ɗauka don ta rako ta ganawa da malaman makarantar likitanci. Tana zaune ta wajen taga tana ɓare gyaɗa, hankalinta kwance.

"Maimaita mini," in ji Yaya.

"A shekarata ta biyu mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki, hankalina ya rabu biyu..."

"Ɗaga murya. Kina magana kamar wadda aka kama da kazar maƙwabta."

Auta ta ɗaga murya, ta kai ƙarshe. Ba ta taɓa gorar ruwan ba, don mararta ta riga ta cika.

Gaskiyar maganar gajera ce. A shekara ta biyu a jami'a ta faɗi kemistiri a watan biyar, ta sake zama a watan takwas ta sake faɗuwa, ta haɗa da darasin aikin sassan jiki. Ba wanda ya yi ciwo a gidansu lokacin. A makon farko malamin ya cika allo da abin da ba ta gane ba, ta ji kunyar ɗaga hannu. A mako na uku ta koma kujerar baya. A na shida ta daina zuwa, tana kwance a ɗaki da waya a hannu har rana ta faɗi. Ta maimaita shekara, ta ci da maki mai kyau, ta gama, ta yi shekara uku tana aiki a ɗakin gwajin jini. Jarrabawar shiga likitanci sai a zama na biyu ta haye. Amma jan layi uku suna nan a sakamakonta, kuma kowa ya san su za a fara tambaya.

Baba ya faɗi a banɗaki a watan sha ɗaya, mako uku bayan ta gaya masa sakamakon. Ba wanda ya taɓa haɗa abin nan biyu a gabanta. Ita ta haɗa su da kanta.

Shekaranjiya Yaya ta ɗauko takardar kwantar da shi daga ƙasan akwati. Likitan ya rubuta watan da hannu, sanda biyu a tsaye. Yaya ta nemo shuɗin biro, ta ja layi ɗaya ta haɗe sandunan, sha ɗaya ta koma huɗu. A takarda, ciwon Baba ya koma wata guda kafin jarrabawar.

Auta ta zuge jakar ta leƙa. Ga hasken taga, shuɗin Yaya ya fi na likitan duhu.

"Yaya, ana gani."

"Idonki ne ke gani, don kin sani. Rufe jakar nan kafin ki tsufar da takardar."

Ginin makarantar hawa huɗu ne, ganawar a na uku. Doguwar baranda, kujerun roba a jere jikin bango, mutum wajen ashirin kowa da fayil a ƙirji. Warin maganin goge ƙasa. A ƙarshen barandar ƙofa ce mai ruwan ƙasa, kusa da ita teburin sakatariya. Takalmin Yaya ya yi wa Auta yawa, kowane taku sai ya yi ƙara.

Sakatariyar ba ta gaggawa. Takan ɗauki takarda, ta duba gaba da baya, ta buga hatimi, ta huda gefe, ta zura a igiyar fayil. Abin da ya shiga igiya ya shiga ke nan. Ta karɓi na Auta ɗaya bayan ɗaya, ta yanke bakin ambulan, ta ɗan tsaya a shafi na biyu.

"Akwai wata takardar ƙarin bayani?"

Auta ta kalli Yaya.

"Akwai," in ji Yaya. Ta zura hannu a jakar, ta miƙa.

Hatimi ya sauka. Abin huda ya yi ƙwas. Sakatariyar ta turo wata 'yar takarda mai layi biyu: na tabbatar duk abin da ke cikin wannan fayil gaskiya ne. Auta ta sa hannu. Sa hannun bai yi kama da nata ba.

Ta samu kujera kusa da wani mai tabarau, wanda ke karkaɗa ƙafa kamar tela.

"Karon farko?" ya tambaya.

"E."

"Ni na uku. Har mai shara ya san ni." Ya nuna ƙofar da haɓa. "Su uku ne a ciki. Maza biyun ba matsala, surutu ne da su. Tsohuwar ce abin tsoro, likitar yara. Ba ta kallon maki, ba ta kallon fuskarki. Yatsa take ɗorawa a kan kwanan wata tana bi ɗaya-ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa."

"Don me?"

"Aikinsu ne. Shekara talatin tana karanta katin asibiti. An ce akwai wanda sai da ya kai aji biyar aka gano wata takardarsa ta bogi ce. Ana tsakiyar zagayen marasa lafiya aka zo aka karɓe farar rigar."

Auta ta kalli teburin sakatariya. Ta tashi, ta ja hannun Yaya zuwa bakin matakala.

"Ki je ki karɓo ta."

"A karɓo me? Ba ki ga an huda ba?"

"Yaya, likita ce za ta duba. Rubutun likita ne."

"Ke, saurara. Duk layin nan ba wanda bai zo da gawa ko majinyaci ba. Wancan mai tabarau ɗin, na rantse kakarsa ta mutu sau uku. Ke naki ma ciwon gaske ne, ga Baba can a kwance. Wata bakwai kawai muka matsar."

"In suka kira asibitin fa?"

"Wa ke da lokacin kiran asibiti?"

"In suka kira, wa ke aiki a can?"

Yaya ta kawar da kai. Ta kalli ƙasan matakala. Auta ba ta taɓa ganin yayarta ta kauce wa idonta ba, wannan kuwa ya fi maganar mai tabarau tsorata ta.

"To me za ki ce musu?" Muryar Yaya ta sauka. "Na kwanta ina danna waya? Shekara bakwai, Auta. Baba da rabin baki yake ce miki likita. Ki shiga ki faɗi abin da muka shirya, minti goma ne."

"Ba minti goma ba ne. Shekara shida zan yi a makarantar nan ina jiran a taɓa mini kafaɗa."

"In kin faɗi gaskiya ba za su ɗauke ki ba."

"Wataƙila."

"Wataƙila! Ji ta. Allah ya haɗa ni da ƙanwa mai taurin kan jaki." Yaya ta gyara mata wuyan riga da ƙarfi, har ta ja ta gaba. "In sun tambayi wanda ya taɓa takardar..."

"Ni na sa hannu."

Ƙofar mai ruwan ƙasa ta buɗe. Wata yarinya ta fito tana share ido, ta wuce su ba ta ɗaga kai ba. Sakatariyar ta shiga da fayil biyu, ta fito hannu wofi. Aka kira mai tabarau. Auta ta koma kujera ta zauna tana kallon agogon bango. Ta yi ƙoƙarin tuna abin da ta karanta a kan zagayawar jini, ko a tambaya, ba ta samu komai a kanta ba sai ƙarar abin huda. Minti goma sha huɗu mai tabarau ya yi. Da ya fito ya ɗaga mata kafaɗa, ya nufi matakala.

"Lamba sha bakwai."

Lambar Auta ce, ta tashi ta shiga. Ɗakin ƙarami ne, da sanyin na'ura. Dogon tebur, mutum uku, kujera ɗaya a gabansu. Maza biyun suna dariyar wani abu. Tsohuwar tana tsakiya, 'yar ƙarama, tabarau a ƙarshen hanci. Fayil ɗin Auta yana gabanta a buɗe, yatsarta a shafin farko.

"Zauna, 'yata," in ji ɗaya daga mazan.

Auta ba ta zauna ba. Ta ji in ta zauna, maganar da ta haddace a bas ce za ta fito. Ta waiga. Ta tsakanin ƙofar tana hango Yaya tsaye a baranda, rungume da jakar.

Sakatariyar ta ja ƙofar, ta rufe.

"Ranki ya daɗe," in ji Auta, "takardar ƙarshe a fayil ɗin nan, ta asibiti, na janye ta. Lafiyar mahaifina ƙalau lokacin da na faɗi. Zan gaya muku yadda aka yi."