Furfurar Baƙar Kunama

Shekara goma sha tara ina rina wa Herminia gashi a shagona da ke bayan kasuwar unguwarmu a garin Neza, duk bayan mako uku. Ko 'yar da ta haifa ba ta taɓa ganin fari ɗaya a kanta ba. Ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashin baƙin nan, ni kuwa bakina ƙanin ƙafata. Ni na riƙe 'yar tata a coci ranar baftisma, shi ya sa har yau comadre muke kiran juna, ko muna faɗa.

In ka ce Herminia ba kowa zai gane ba. Amma ka ce Baƙar Kunama, ka ga yadda fuskar mutanen unguwa za ta canza. Shekara talatin da ɗaya tana kokawa a zauren Don Fulgencio, duk Lahadi ƙarfe biyar na yamma. Ba ta cikin na kirkin da ake yi wa tafi, a cikin miyagu take, kuma ita ce uwarsu. Tsone ido, cizo, shaƙe mace da jelar kitsonta da zarar alƙali ya juya baya, babu wanda ba ta iya ba. Mutane su biya kuɗinsu su zo takanas don su zage ta, ita kuwa ta kumbura kamar an ba ta sarauta.

Sai gwiwa ta ci amanarta. Aka yi mata aiki, ta yi wata goma sha huɗu a zaune. Na je gida da kayan rini har sau uku, tana kora ta.

"Wa zai gan ni, Chabela? Bango?"

Kafin ta miƙe, furfura ta sauko har kunne, fara fat, daga nan zuwa gadon baya kuma baƙin da na sa. Ni dai a matsayina na mai sana'a, in na kalli kan nan sai in ji kamar an zage ni.

Ranar wata Litinin tana zaune a shagona muna cin tamal, wani abu kamar alalar masara, sai ga Don Fulgencio da tumbinsa. Ya ce ya zo da maganar wasan ban kwana: gashi da gashi, ita da Yaretzi, yarinyar da ake kira Kurciya, wadda duk Neza ke haukan so. Wadda ta sha kaye a aske ta ƙwal-kwabo a kan dandamali, a gaban kowa. Ba wanda ya faɗa da baki, amma mu ukun mun san wadda za ta bar gashinta. Tsohuwar hannu in za ta tafi, a hannun ta baya take barin kanta, ita ma haka na gabanta suka bar mata nasu lokacin da take tasowa.

"Na yarda," in ji Herminia, ko tauna ba ta daina ba.

"To, amma wannan," ya nuna kanta da leɓe, "Chabela ta gyara shi kafin Lahadi ta sama."

"Me ya same shi?"

"Haba Kunama, ke ma kin sani. Mutane za su zo ganin an aske muguwa ne, ba kakarsu ba. Ki fito da farin kan nan, na rantse miki tausayinki za su ji. Wa zai zagi tsohuwa mai ɗingishi? Shekara talatin kina tara ƙiyayya, ki zubar da ita a yamma ɗaya?"

Da ya fita na zage shi tas, na ce tumbi kamar randa. Amma a raina na san gaskiya ya faɗa. Herminia ma ta sani, don ta ajiye sauran tamal ɗin ba ta ƙarasa ba. Matar nan ba ta tsoron kaye, ba ta tsoron almakashi. Abu ɗaya take tsoro a duniya, a ce mata "ayya".

Alhamis ɗin da ta gabaci wasan ta zo. Na yafa mata tawul, na kwaɓa rini, warinsa ya cika shago. Na tsaga gashin ke nan, buroshi na hannuna, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Mata nawa na ci gashinsu, comadre?"

"Goma sha ɗaya. Ni na aske miki su, kin manta? Sake ni, rini zai bushe."

"Suna nan rataye a ɗakina, kowace da sunanta. Akwai na kanti a ciki?"

"Na Chinita rabinsa ƙari ne, in gaskiya kike so."

"Shi ya sa na rataye shi a bayan ƙofa." Ta kalli madubi. "Yarinyar nan za ta kai nawa gida, wata rana ta nuna wa 'ya'yanta ta ce ga kan Kunama. In ba ta abin da aka kwaɓa a kwano?"

Raina ya ɓaci, na dangwarar da kwanon. Na ce abin da aka kwaɓa a kwanon nan shi ya rufa mata asiri shekara goma sha tara, yau kuma ya zama abin ƙyama? Na ce ni kaina jan da ke kaina na kwano ne, ban kuwa ji kunyar kowa ba. Ta ce ni ba ta hana ni ba, in rina har ranar da za a sa ni a akwati. Ita dai ta gaji. Ta gaji da zafin fatar kai, ta gaji da leƙa madubi kowace safiya kamar ɓarauniya tana duba ko asiri ya tonu. Ta ce wata goma sha huɗu tana kallon farin nan, tun tana kawar da kai har ta fara gaishe shi.

"In suka ji tausayinki fa?"

Na ga hannunta yana murza gwiwar nan.

"Ina tsoro, Chabela," ta ce. "Amma in sai da rini za su ji tsorona, ashe ba ni suke tsoro ba tun da can. Gara in sani. Yi mini kitson kawai, ki ja shi da kyau."

Na zubar da rinin a magudana ina mita. Na yi mata jela ɗaya kamar kullum, fara daga sama, baƙa daga ƙasa. Ban ce ya yi kyau ba, don a lokacin ban ga kyansa ba.

Ranar Lahadi zaure ya cika ya batse, har a kan matakala mutane. Ina gefen dandamali da jakar aski. Kurciya ta fito cikin fararen kaya, aka yi ta ihu ana miƙa mata jarirai ta sumbata. Sannan aka sa kiɗan Kunama. Tun ba ta fito ba zagi ya fara tashi, mai daɗi, irin na da. Ta taho a hankali don kada ɗingishin ya fito, ta lulluɓe kai da hular alkyabbarta. Don Fulgencio yana murmushi a bakin ƙofa, shi a zatonsa na yi aikina.

Tana isa layin gaba ta yaye hular.

Kai, ban taɓa jin zauren nan ya yi tsit haka ba. Har muryar mai sayar da lemo a can baya ana ji. A layin gaba akwai Doña Cuca, tsohuwar da ta shekara talatin tana zama a kujera ɗaya don kawai ta ɗirka wa Herminia jaka in ta zo wucewa. Ta riga ta ɗaga jakar. Sai ta sauke ta a hankali, ta dafe ƙirji.

"Ayya, 'yar nan. Ashe ke ma kin tsufa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata mata a baya ta fara tafi, irin tafin da ake yi wa mara lafiya in ya taka ƙafa.

Herminia ta matsa gaban Doña Cuca. A cinyar tsohuwar akwai kofin dafaffiyar masara da yaji. Ta ɗauka, ta kai cokali ɗaya baki, ta tauna tana kallonta ido cikin ido, ta tofar a ƙasa.

"Ko masara ba ki iya zaɓa ba, tsohuwar banza."

Ta buɗe jakar nan ta Doña Cuca ta juye sauran a ciki, da romo da komai, ta rufe mata ita tsaf.

Tirƙashi! Doña Cuca ta miƙe kamar 'yar shekara ashirin. "La'ananniya! 'Yar iska! Furfurar banza, tsufa bai koya miki komai ba! Kurciya, karya mini ɗaya ƙafar!" Ta shiga rafka mata jakar, masara na watsuwa a kan mutane. Zaure ya ɗauka gaba ɗaya. Aka zagi Herminia, aka zagi uwarta, aka zagi wanda ya yi mata aikin gwiwa. Ni kuwa ina tsaye ina dariya hawaye na zuba, ban san lokacin da na rungume jakar askina ba.

Kada ka tambaye ni ko an shirya kokawa. Je ka tambayi gwiwar Herminia. Turmin farko ta shaƙe yarinyar da farar jelar nan har alƙali ya ƙirga uku bai ga komai ba, kofuna suka yi ta ruwa a kan dandamali. Turmi na biyu Kurciya ta tashi sama daga kan igiya ta sauko mata a ƙirji. Na uku ya yi tsawo. Ina ganin yadda ƙafar Herminia mai ciwon ke rawa, ina ganin ta cije leɓe, amma ko sau ɗaya ba ta dafa igiya don ta huta ba. Da yarinyar ta naɗe ta a ƙarshe, alƙali ya buga ɗaya, biyu, uku, ƙarar da aka yi sai da kwanon rufi ya amsa.

Aka ajiye kujera a tsakiya, na hau da kayana. Herminia ta zauna, ƙirjinta na sama da ƙasa, zufa ta jiƙa farin gashin yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila. A nan na ga kyansa, na kuwa ji kunyar mitar da na yi.

Wadda ta ci ita ke fara sa almakashi. Na miƙa wa Yaretzi. Ta kama jelar, ta kalli tsakar kan nan, sai hannunta ya mutu. Yarinya ce, shekararta ashirin da biyu, kakarta ce ta rene ta. Ta karɓi abin magana daga hannun mai sanarwa.

"Na yafe mata. Ba zan taɓa kan nan ba."

Tana da ikon yin haka, an taɓa yi. Mutanen da suka gama zagi yanzun nan suka juya kamar an hura musu iska: "A yafe! A yafe!" Har Doña Cuca na share ido da gefen mayafi. Na ce a raina shi ke nan, abin da muka gudu ya biyo mu ta ƙofar baya.

Herminia ba ta tashi daga kujerar ba. Ta damƙo wuyan rigar yarinyar ta jawo ta ƙasa har goshinsu ya kusa haɗuwa. Ba ta ɗaga murya ba, ni da ke tsaye a kansu kaɗai na ji.

"Kin ga na yi miki kama da mai bara?"

"A'a, Doña Herminia, ni dai..."

"Na ba ki turmi uku da ƙafa ɗaya. In kika bar gashin nan a kaina, kin gaya wa duk zauren nan ba ki kayar da kowa ba yau, wata tsohuwa kika ture. Kin ci ni, 'yata. Karɓi abinki kamar yadda na karɓi na wasu."

Yaretzi ta share hanci da bayan hannu. Ta jefar da abin maganar, ta naɗe jelar a hannunta sau biyu, ta ja kan Herminia baya da ƙarfi yadda ake yi wa abokiyar gaba, ta datse ta daga tushe. Ta hau igiya ta ɗaga ta sama tana ihu tana kuka. Sannan mutane suka fara miƙewa, layi bayan layi.

Na kunna injin aski. Farin gashi yana zuba a kafaɗarta, tana zaune ƙyam, haɓa a sama, tana harare-harare kamar ita ta ci.

"Kada ki kuskura ki yi mini kuka a ka," ta ce ta gefen baki.

"Wa ke kuka? Gashinki ne ya shiga mini ido."

"Wanda zai tsiro, ki bar shi yadda ya zo."

"Na ji. Daina motsi, kada in yanke miki kunne."

Da na gama ta miƙe, ta shafa kan da tafin hannu, ta zagaya kusurwa huɗu tana nuna wa kowane ɓangare. Rabi na tafi, rabi na zagi, wasu na yin duka biyun. Don Fulgencio ya taho da gudu zai kama ta ta sauka matakala, ta doke hannunsa. Da ƙafarta ta sauka, tana ɗingishi a fili, ba ta ɓoye ba.

Na bi bayanta da jakata ina ture mutane da gwiwar hannu. Wani ya ce ke kuma wace ce, na juya na ce masa, "Matsa ka ba mu hanya, comadre ɗina ce."