Allon Mararrabar Lipovik

Milutin na durƙushe a ɗakin shanu, hannunsa a cikin saniya har gwiwar hannu, matarsa Stanoyka na riƙe masa waya a kunne. Maraƙi ya zo a gicciye tun da safe, saniyar ta gaji har ta daina kuka.

"Likita, kina ina ne?"

"Baba, ni ma da zan sani!" in ji likitar dabbobin, sabuwar zuwa ce daga birni. "Taswirar waya ta kai ni bakin rafi ta ɗauke. Mararraba nawa na wuce, kowane allo an shafe shi baƙi ƙirin. Wanne ne naku?"

Stanoyka ta janye wayar, ta dubi mijinta. "Faɗa mata mana, gwanin fenti."

To, ka san halinmu a duwatsun Bosniya. Harshe ɗaya muke zagin juna da shi, amma in an zo rubutu sai a rabu, waɗansu baƙaƙen Sirilik, waɗansu na Latin irin na boko. Hukuma ta ce kowa ya huta, ta rubuta sunan kowane ƙauye da duka biyun. Milutin, wanda rabonsa da karanta wani abu tun takardar ɗaurin aurensa, ya ce ba zai riƙa shiga ƙauyen kakanninsa a ƙarƙashin Latin ba, ya bi rabin allon da fenti. Maƙwabcinsa Rasim ya rama a kan ɗaya rabin. Sauran ƙauyuka ma kowanne na da nasa Milutin da nasa Rasim.

"Wane rubutu kike karantawa, 'yata?"

"Duka biyun, Baba, kamar kowa. Fenti ne ban iya karantawa ba. Waya na ɗaukewa, ku buɗe mini allon, zan sake zagayowa."

Milutin ya suri tsumma da kwalbar fetur ya gangara, ko hannu bai wanke ba. Rasim na zaune a ƙofar gidansa daura da mararrabar, yana kurɓar gahawa.

"Maƙwabci, lafiya? Ko karatu ka zo yi da tsufa?"

Milutin ya wuce wurin allon. Ya hau dutse, ya kama dirzar wajen Sirilik. Ya dirza har kafaɗa ta ƙage, ko gezau.

"Kada ka ɓata fetur," in ji Rasim. "Kwalta ce. Ka manta a gyaran hanya na yi ritaya? In na yi aiki, na yi ke nan."

"Allah ya isa, Rasim! Saniyata za ta mutu!"

Rasim ya ajiye kofin. Nonon saniyar nan ake kai wa jikokinsa kowace safiya, amma bakinsa bai san tausayi ba.

"To gwada ɓangaren da kai ka shafe. Na san ka, fenti mai arha ka saya."

Milutin ya dubi hanya, ya dubi allon. Ya jiƙa tsumma ya shafa sau ɗaya, fentin ya biyo shi kamar dama jira yake. Baƙaƙen Latin suka fito fes, sun fi ranar da aka kafa su kyau.

"Goge ƙarshen sosai," in ji Rasim. "Kai, ashe kana da hannu!"

Ba a jima ba wata farar mota ta wuce, ta taka birki, ta dawo da baya.

Da la'asar maraƙi na tangaɗi a gindin uwarsa. Likita ta wanke hannu, Stanoyka ta cika mata jaka da cuku, ta raka ta mota. Sai ga Rasim ya leƙo ta kan shinge, wai ya zo barka.

"Maƙwabci, allo fa na can tsirara, duk mai wucewa na kallo. Ko in miƙo maka ragowar kwaltata? Ita ba ta fita."

Milutin ya dubi gwangwanin fentinsa a kan taga. Sannan ya dubi ƙaramar saniyarsa a kusurwa, cikinta ya yi ƙasa, wata mai kamawa take jira.

"Bar shi ya sha iska tukuna," in ji shi.