Kwafin Mama

Kukan jarumar fim ɗinta ne ya fara dukan kunnenta, daga kujerar baya ta motar haya. Darakta ta san kukan nan kamar yunwar cikinta, don ita ta sa aka yi ta maimaita shi a gaban kyamara har muryar yarinyar ta dishe. Ta waiga. Wata mata ce ta baje da waya a hannu, tana kallon fim ɗin da sai ranar Juma'a za a fara haska shi a sinima.

Matar ta ce a wurin masu turin finafinai a waya ta samo, kuma in Darakta na so yanzu ma sai ta tura mata kyauta. Darakta ta fizge wayar, ta ja fim ɗin zuwa ƙarshe. Ga hoton marigayi Baba da hularsa a karkace, lambar wayar wani shago tana ta gilmawa a kan fuskarsa. Lambar Auta ce, ƙanin Darakta.

Kwafi ɗaya ne tak mai wannan hoton. Filin da Baba ya bar mata gado ta sayar ta yi fim ɗin, shi ya sa ta ce edita ya yi wa Mama nata daban, da hoton a ƙarshe, ta saka mata a waya da hannunta. In sinima ba ta cika ba, filin ya tafi ke nan a banza.

* * *

Shagon Auta bai fi banɗaki girma ba. Kwamfuta ɗaya, igiyoyin caji a harɗe kamar saƙar gizo, benci cike da samari kowa na jiran a tura masa. A allon da ke bakin ƙofa an rubuta sunan fim ɗinta da alli, an ja masa layi biyu.

Ko tashi bai yi ba. Cewa ya yi ta rage murya, akwai kwastomomi. Shi fa bai ɗora a intanet ba, wani abokin sana'a kaɗai ya ba, don a harkarsu wanda ya samu sabo ya ɓoye, gobe ba mai ba shi. Abin da abokin ya yi da shi kuma, wannan tsakaninsa da Allah.

"Goge shi," in ji ta.

"In goge daga ina, Yaya? Duk wanda ya sauke, a wurinsa na gaba ke ɗauka. Sai dai ki bi su gida-gida."

Ta kira shi ɓarawo a gaban jama'a, ta rantse sai ta kai shi hukumar kare haƙƙin mallaka. Auta ya yi wata 'yar dariya mai cin rai, ya tambaye ta wa yake cika mata waya da finafinan ƙasashen waje duk wata, kuma ko ta taɓa tambaya su masu yin su ba su da gado. Samarin benci suka kwashe da dariya. Maganar ta soke ta, don gaskiya ce, ta kuma ƙara tsanarsa saboda hakan.

* * *

Mama na ninke kayan wanki Darakta ta same ta. Mama ba ta bari ta kai ƙarshen ƙarar ba, ta ce ita da ƙafarta ta kai wa Auta wayar. So take ya tura wa ƙawayenta, waɗanda suka shekara suna yi mata gorin 'yarta ta rasa sana'a sai fim. Yanzu ga su nan suna ta bugowa da sambarka.

"Wai me aka sace miki ne? Fim ɗinki ba yana hannunki ba? Ga nawa ma a wayata, ko ƙwarzane bai yi ba."

Ta yaya Darakta za ta nuna wa tsohuwa satar da ba a fasa ƙofa ba, kuma kayan na nan inda aka bar su?

"Filin Baba aka sace, Mama."

"Filin da kika sayar da hannunki?" Mama ta ajiye zanin da ke hannunta. "In za ki kai ɗan'uwanki hukuma, ki haɗa da ni. Ni na ba shi."

Darakta ba ta kai shi ba. Ba don ta huce ba, sai don ba a tsayawa a gaban alƙali a nuna uwa da yatsa.

* * *

Ranar Juma'a ta sa an keɓe wa Mama kujera a tsakiyar layin gaba. Mama ta aiko cewa gwiwarta na ciwo, kuma ai ta riga ta gani.

Mai sayar da tikiti ba ta ko ɗago ba da Darakta ta wuce. Idonta na kan waya, kukan nan dai na fita a hankali. A ciki kujeru ne jere a duhu, sai kawuna jefi-jefi. Darakta ta zauna kusa da kujerar Mama, ta ɗora jakarta a kai.

Aka zo wurin da ta fi wahala a kansa, inda jarumar za ta juyo ta faɗi maganar da labarin duka ya rataya a kanta. Kafin yarinyar ta buɗe baki, wani daga baya ya riga ta faɗa, kalma bayan kalma, abokansa na taya shi.