Sunan Farko a Takardar Manaja

Yayana ne shugaban 'yan dako a ma'ajiyar simintin da nake aiki tun da na bar makaranta. Mu talatin ne. Idan mota ta iso, shi ke saɓa buhun farko, shi ke sauke na ƙarshe. Ba wanda ya sa shi. Labaran kakanmu ne suka zauna masa a kai tun muna yara, na jaruman dā masu riga rundunarsu faɗawa kogi, waɗanda ba sa shan ruwa sai kowa ya sha.

Ran Litinin aka kawo injin ɗaga kaya. Manaja ya kira Yaya, ya miƙa masa farar takarda.

"Mutum goma za a sallama. Kai ka san su, ka rubuto min sunayensu."

Da yamma Kaka ya dube ni daga kujerarsa.

"Kai, malalaci, me ya sami yayanka yake zagaye gida kamar kaza za ta saka ƙwai?"

Na gaya masa.

"Wannan ne abin damuwa? A dā, in abokan gaba suka nemi kai goma, shugaba nasa yake miƙawa. Kunya ta kama su, su janye."

"Tsoho, wannan manaja ne fa, ba mai takobi ba."

"Manajan ba shi da ido ne?"

Sai na ga Yaya ya daina zagayen.

Washegari ya rubuta suna ɗaya tak, nasa, da manyan baƙaƙe. Na bi shi har bakin ofis. Manaja ya duba takardar, ya gyara tabarau.

"Madalla. Saura tara."

Ya juya ga kwamfuta. Ya ce tunda Yaya ya ƙi zaɓa, za ta fitar da waɗanda suka fi yawan makara. Sunana ne na uku.

Yaya ya fito fili, ya tara mutane, ya faɗa musu abin da ya yi. Sai ya tsaya yana jira su ajiye aiki. Kowa ya sunkuyar da kai.

Dogo, abokinsa na shekara tara, ya sosa ƙeya. "Shugaba, wallahi ka yi namijin ƙoƙari. Amma ka san yarana huɗu."

Wata mota ta danna hon a ƙofa. Suka zame ɗaya bayan ɗaya. Injin ya riga su isa, ya ɗaga buhu arba'in a tashi guda.

Mun isa gida rana na tsaka. Kaka ya miƙe zaune.

"Manajan ya janye?"

"Bai janye ba," na ce. "Har da ni aka sallama."

"To rundunar fa? Sun bi bayansa?"

Yaya yana durƙushe a bakin famfo yana cuɗa simintin da ya bushe a hannunsa.

Kaka ya daɗe yana kallonsa.

"A labarin dai suna binsa," ya ce, a hankali.