Zobe Biyu a Gindin Kwano

"Wannan fa, Baba?" Zhenhai ya kifa wani kwanon tangaran, ya kai shi daidai hancin mahaifinsa. "Ga sunan Kangxi, sarkin China na dā, haruffa shida."

"Ni na rubuta," in ji tsoho Kuang, ko ido bai buɗe ba. "Shekarar da ka yi ƙyanda."

Inna Qiu, maƙwabciyarsa, ta ci gaba da hura kunun shinkafa. Ta gaji da tsohon, ta gaji da ɗan, ga bayanta yana mata ciwo. Tun tashinsa Kuang yake zana sunayen sarakuna a gindin sababbin kwanuka, kamar rabin mutanen layinsu a garin Jingdezhen, amma kowa ya san akwai na gaske guda ɗaya a gidan, tsoho mai tsadar gaske. Shi ne Zhenhai ya zo nema daga Shanghai da ya ji jikin ya yi tsanani.

Wayarsa ta yi ƙara, ya fita.

"Ka faɗa masa mana, kowa ya huta," in ji ta.

"Ga shi a hannunki."

Saura kaɗan ta sake shi. Ta ɗaga, ta leƙa gindin. Zobe biyu ne shuɗɗa, cikinsu wayam.

"Akwai lokacin da aka hana rubuta sunan sarki, kada kwano ya fashe sunan ya tafi bola," in ji Kuang. "Ya sani, a cinyata ya koya. In ya ba ni kunu sau ɗaya, ya wanke kwanon, zai gani. Kada ki faɗa, Qiu."

"Taurin kai har bakin kabari!"

Ta yi iya ƙoƙarinta. "Zhenhai, karɓi ka ba shi, hannuna ya sage."

"Ina zuwa, Inna." Yana can yana naɗe kwanuka masu suna cikin jarida. Abin ya ƙona mata rai, amma ta riƙe bakinta.

Kuang ya cika ranar Laraba da hantsi.

Ranar fitar da gawa, aka ce ɗa ya fasa kwanon da mamaci yake cin abinci a ƙofar gida, yadda aka saba. Inna Qiu tana ɗaki tana ɗaura farin ƙyallen makoki wani ya ɗauko kwanon daga madafa. Ta fito da gudun da ƙafarta za ta iya.

"Zhenhai, dakata!"

Ƙarar fashewar ta riga ta.

Gindin ya gangaro ya tsaya kusa da takalminsa. Ya daɗe yana kallon zobe biyun.

"Inna, kullum a wannan yake ci?"

"Kullum."

Masu ɗauke da akwatin gawa suka tsaya suna jira, suna sauya kafaɗa. Zhenhai ya durƙusa a tsakiyar layi yana tsince gutsattsarin cikin farar rigarsa. Jikin wani gutsure akwai busasshen kunu, ya sa babban yatsa yana gogewa.