Layin Ba a Cike Yake Ba

Injiniyar kamfanin intanet ta banko ƙofar ofishin manaja, ko sallama babu.

"Oga, wa ya cire gyaran da na yi wa manhajarmu?"

"Ni ne," ya ce, idonsa na kan waya. "In saƙonni suna ɓacewa a hanya, layi ne ya cika. Dole na'ura ta rage gudu."

"Wane irin cika? Layin asibitin nan da muke ba wa intanet wayam yake! Iska ce ke kaɗa eriyar rufinsu, saƙo ya zube. Gyarana sai ya duba ko akwai cunkoso kafin ya rage gudu. Yanzu likita na duba mara lafiya ta bidiyo, hoto ya daskare, ni ake kira ana zagi!"

Ya taɓe baki. "To mayar, mu gani."

Ta koma teburinta tana huci, ta mayar. Da yamma iska ta taso, hoto bai daskare ba.

Washegari a taro manaja ya ce, "Dabarar da na kawo ta yi aiki."

Ta miƙe har kujera ta kife. "Taka? Maimaita, Oga, ina ji!"

Ya sunkuyar da kai yana gyaran murya, bai maimaita ba.